Tagar da Ta Fito Babu Komai a Cikinta

Jiya ka tambaye ni abin da ya hana ka barci. Ka rubuta 'yar manhaja da Xlib, wato tarin umarnin da manhaja ke magana da tsarin tagogi na X da su, ka gina taga, ka kira XMapWindow don a nuna ta a allo, nan take ka ja layi da XDrawLine, sai tagar ta fito fara fat, babu layi babu alamarsa. Ran da layin ya fito kuma, kana ɗora wata taga a kai ka janye, shi ke nan ya ɓace. Ka ce kana zargin direban katin hoto. Ƙyale direba, ɗana, ba shi da laifi a nan.

Sai ka san halin X, tsarin da ke nuna tagogin manhajoji a allo, kafin ka iya zama da shi. A jami'ar MIT ta Amurka aka fara shi a 1984, zubi na 11 da muke amfani da shi har yau ya fito a 1987. A wancan zamani ma'adanar kwamfuta tsada gare ta, manhajar kuma tana iya zama a wata na'ura can nesa, tana aiko da saƙo ta waya. Saboda haka saba, wato ɓangaren da ke riƙe da allo da madannai da maus, bai taɓa yi maka alkawarin ajiye zanenka ba. Ajiya aikinka ne. Shi dai zai sanar da kai cewa wuri kaza ya buɗe, zo ka sake zanawa. Sunan wannan saƙo Expose.

XMapWindow kuwa roƙo ne kawai. Mai kula da tagogi shi yake fara tare roƙon, ya yi wa tagar firam, ya zaɓa mata wuri, sannan ta bayyana. Kai kuma kafin a gama duk wannan ka riga ka ja layinka a kan tagar da ba ta fito ba, sabar ta watsar da shi ba tare da ta ce maka uffan ba. Kamar mai fenti ne da ya zo kafin magini ya gama yaɓe.

Gyaran ba wuya. Kira XSelectInput da ExposureMask, wato ka nemi a riƙa aiko maka da saƙon Expose, tun kafin ka nemi a nuna tagar. Ka zauna cikin zagayen XNextEvent mai karɓar saƙonni ɗaya bayan ɗaya, duk sanda Expose ya iso ka zana. Yakan zo da yawa a jere, don haka duba count, lambar da ke cikin saƙon mai nuna ko akwai sauran masu biyowa, in ya kai 0 sai ka zana gaba ɗaya sau guda. Abin da za a zana ɗin, tsawonsa da launinsa, ya kasance a ajiye cikin manhajarka.

Hattara da tsarin tebur na kwamfuta, wato desktop, na zamani. Yawancinsu suna riƙe hoton kowace taga a gefe, sai su rufa wa kuskurenka asiri har ya je hannun mai saye. Ni nakan gwada aikina a cikin Xephyr, sabar X da ke gudana cikin taga, tare da twm, tsohon mai kula da tagogi, domin can babu mai rufa maka.

Akwai wani ramin a gabanka, gara in faɗa maka tun yanzu. Xlib ba ya aika roƙo ɗaya-ɗaya, tarawa yake har sai ka kira XFlush ko ka tsaya jiran saƙo. Shi ya sa kuskure irin BadWindow ko BadMatch yake iso maka a makare, ya kashe manhajar a layin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ina sabon shiga na yi kwana uku ina tonon wurin da lafiyarsa lau, ashe tagar da na riga na rusa nake ta zana wa tun can baya. Har yau ina jin zafin kwanakin nan. Idan haka ta same ka, kunna XSynchronize, kowane roƙo zai jira amsarsa, kuskure ya fito a daidai inda aka haife shi. Manhajar za ta yi nauyi, ka kashe shi da zarar ka kama ɓarnar.

Yanzu buɗe xev, 'yar manhajar da ke nuna saƙonnin da taga ke samu, rufe tagarsa da wata, janye, ka ga saƙonnin da idonka. Sannan ka gyara naka ka kawo mini bayan La'asar, mu duba dalilin da ya sa manhajar take mutuwa da ihu in an danna maɓallin rufewa. Karanta bayanin WM_DELETE_WINDOW, saƙon da mai kula da tagogi ke aikowa in an nemi rufe taga, kafin ka zo.