Tambayoyi da amsoshin lafiya: jinyar mai shanyewar ɓarin jiki a gida

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin dama mako 3 da suka wuce, yanzu an sallame mu. Hannun ba ya motsi, ƙafar kuma sai ja. Dangi sun ce mu bar shi ya huta har ƙarfi ya dawo. Daga wani magidanci a Rigasa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya. Don Allah kada ku bar shi a kwance. Asalin ciwon yana cikin ƙwaƙwalwa, inda jijiyar jini ta toshe ko ta fashe, sashen da ke sarrafa wannan ɓarin ya lalace. Sassan da suka tsira suna iya koyon aikin, amma sai da maimaici kullum, kuma an fi samun sauƙi cikin wata 3 zuwa 6 na farko. Kwanciya tana cinye wannan lokaci, ta kawo sandarewar gaɓoɓi, gyambon kwanciya da daskarewar jini a ƙafa.

Idan bai iya juyawa da kansa, ku juya shi duk bayan awa 2, dare da rana, kuna duba ƙugu, diddige da ƙasan baya. Jan fata da bai ɓace ba bayan an ɗauke nauyi, farkon gyambo ne. Ku ɗora hannun a kan matashi, tafin a buɗe, yatsu a miƙe. Sau 2 ko 3 a rana ku lanƙwasa kowace gaɓa ku miƙe ta a hankali kamar sau 10, daga yatsu zuwa kafaɗa, daga idon sawu zuwa ƙugu, ku tsaya inda ciwo ya fara. Ku zaunar da shi a bakin gado, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ya koyi riƙe kansa. Daga nan sai tashi da zama daga kujera mai tauri, yana raba nauyi a kan ƙafa biyu. Katifa a ƙasa tana da wuyar tashi, gado ya fi.

Kafaɗa ce aka fi ɓatawa, kuma da kyakkyawar niyya. Naman da ke riƙe ta ya saki, to idan aka ja Baba ta wannan hannun don a tayar da shi, ƙashin yana zamewa daga mazauninsa, ciwon ya daɗe yana hana motsa jiki. Ku kama shi ta ƙugu ko bayan allon kafaɗa. Wajen sa riga, hannu mai ciwo ke fara shiga, wajen cirewa shi ne na ƙarshe. In ya kai ga sanda, a hannu mai lafiya zai riƙe.

Duk wannan ba ya maye gurbin likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki. Akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Asibitin Sojoji na 44 a nan Kaduna, da kuma Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya. Wanda ke jinyar ya riƙa shiga tare da shi, ya ga yadda ake yi da idonsa, domin aikin da ake yi a gida tsakanin zuwa da zuwa shi ne mafi yawa.

Tambaya: Likita, ana yi wa surukata gashi da ruwan zafi safe da yamma, wani kuma ya ce a yi mata tsaga a fitar da mataccen jini. Yana taimakawa? Daga Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi yadda ya kamata, ruwa zai ƙona ta ba ta ce uffan ba, sai dai ku ga fata ta saɓule. In za a ɗumama gaɓar kafin motsa ta, a gwada ruwan da gwiwar hannunki, ya zama mai ɗumi kawai. Tsaga kam a bar ta. Babu mataccen jini a hannun, kuma idan tana shan maganin tsinka jini irin su asfirin, jinin zai yi wuyar tsayawa. Idan da ciwon sukari, raunin zai ƙi warkewa.

Tambaya: Mijina yana ƙwarewa da tari duk lokacin da na ba shi ruwa ko shayi. Daga Unguwar Rimi.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ta fi gaggawa a cikin tambayoyin yau. Naman haɗiya ma yana shanyewa, sai ruwa ya bi hanyar iska ya gangara huhu, ya jawo nimoniya, wadda tana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan ciwo. Ruwa tsinkakke ya fi wuyar haɗiya saboda saurin gudu. Ki zaunar da shi tsaf, haɓa a ɗan sunkuye, kada ki taɓa ba shi komai a kwance ko yana gyangyaɗi. Ki ba shi kunu mai kauri, fate mai laushi ko dankalin da aka dame, da ƙaramin cokali, ki jira ya haɗiye kafin na gaba. Ki duba kumatun ɓarin da ya shanye, abinci yana maƙalewa a nan. Ya zauna minti 30 bayan ci, sannan ki wanke masa baki. Ki kai shi a duba haɗiyar cikin kwanakin nan. Idan muryarsa ta koma kamar mai kurkure, ko zazzaɓi ya zo da saurin numfashi, ranar za ku tafi asibiti. In an ce a sa masa robar abinci ta hanci, kada ku ƙi, yawanci ta ɗan lokaci ce.

Tambaya: Mahaifiyata tana gane mu amma magana ba ta fita, kuma tana yawan kuka. Ko hankalinta ya taɓu? Daga Kawo.

Amsa: Hankalin Mama yana nan, ɗan'uwa. A yawancin mutane cibiyar magana tana ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa masu shanyewar dama suka fi rasa kalmomi. Ku yi mata magana mutum ɗaya a lokaci guda, gajeriyar jimla, ba tsawa, ku ba ta lokacin amsa. Abin da baki ya saba da shi, kamar Fatiha, ƙirga da gaisuwa, yakan riga sauran dawowa, ku fara da shi. Kukan kuwa, kusan mutum 1 cikin 3 na masu wannan ciwo yana shiga ciwon damuwa, kuma yana da magani, ku faɗa wa likitanta. Kada a riƙa zancen jikinta a gabanta kamar ba ta ji.

Tambaya: Na fara tafiya da sanda, jinina ya sauka. Zan iya daina shan magani? Daga Kakuri.

Amsa: A'a, Alhaji. Maganin ne ya saukar da shi, in ka daina zai hau, kuma hawan jini ne kan gaba wajen dawo da ciwon. Ka riƙa aunawa a gida kana rubutawa, ga yawancin mutane ana so ya zauna ƙasa da 130/80. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini, wato giram 5, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Idan baki ya karkace, hannu ya saki ko magana ta sarƙe, ko da ya wuce cikin minti kaɗan, a wuce asibiti mai hoton ƙwaƙwalwa nan take, kuma kada a ba ka asfirin a hanya, domin in jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jinin.