Amsa: Ma'aikatanka sun daina faɗa maka matsala

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce an ba ka shugabancin sashe a wani kamfanin sarrafa shinkafa a Argungu, abokan aikinka na jiya sun koma "ranka ya daɗe", amma in inji ya fara ciwo ba mai faɗa maka sai ya tsaya cak.

A ganina tsoro ne, ba raini ba. Farfesa Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitocin Amurka a shekarun 1990, ta gano cewa sassan da shugabanninsu suka fi sakin fuska su ne suka fi kawo rahoton kuskure, domin ma'aikaci ya san ba za a ci masa mutunci ba.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami a wurin aikina a Birnin Kebbi. Wani yaro ya kawo mini labarin ɓarna, na yi masa faɗa a gaban mutane. Daga ranar kowa ya ja bakinsa, kuma har yau abin yana damuna.

Abin da ya gyara shi: duk wanda ya kawo mini mummunan labari, godiya nake fara yi masa a bainar jama'a, gyara kuma sai mun keɓe. Ka riƙa zagayawa wurin injuna da kanka bayan azahar, ka tambayi mafi ƙanƙanta a cikinsu me ke hana shi aiki. In ya faɗa, ka gyara ko guda ɗaya cikin makon nan, su gani da idonsu.