Me ya sa 1080p ke ƙin fitowa ta doguwar wayar HDMI?

Malam, ka ce da gajeriyar waya kwamfutarka na ba talabijin 1080p lafiya lau, amma da ka ja mai mita 20 sai hoton ya koma 720p, wanda bai kai shi kyau ba, wani lokaci allon ya yi baƙi. To laifin wayar ne.

1080p mai hoto 60 a daƙiƙa yana tura kusan gigabit 4.5 a daƙiƙa guda, ninki biyu na 720p. Wayar HDMI ta tagulla zalla kuwa, da ta wuce mita 10 zuwa 15 sai siginar ta raunana kafin ta isa. Na taɓa gani a wani ɗakin taro: ɗigo-ɗigon fari suna ƙyalli a kan hoton, can sai allon ya ɗauke, ya dawo.

Ka gwada wannan tukuna. A saitin allo ka bar 1920x1080 (wato 1080p), ka rage zuwa 30Hz, wato hoto 30 a daƙiƙa maimakon 60. In hoton ya tsaya cak, an gano ɓarawon. In kuma 1080p ɗin ba ya cikin jerin sam, kwamfutar ce ba ta karanto bayanin EDID na talabijin ba, wato bayanin da ke gaya mata irin hoton da talabijin ke iya nunawa, shi ma ta wayar yake bi.

Ni dai ba zan sake sayen doguwar waya ta tagulla zalla ba. Nemi mai ƙarfafa sigina ko ta fayiba, amma kula, suna da gaba da baya: kan da aka rubuta wa Source shi ke shiga kwamfuta. In nisan ya fi haka, na'urar HDBaseT, mai tura siginar HDMI ta wayar netwok irin Cat6, tana kaiwa mita 100.