Mai ciwon suga yana numfashi da ƙarfi, asid ne ya yi yawa a jini?

Ƙanwata kin ce an kawo miki mai ciwon suga yana ta jan numfashi mai zurfi da sauri, ko asid ne ya hau a jininsa? Eh, ki fara zargin hakan tun kafin sakamakon gwaji ya dawo. Huhu ne ke ƙoƙarin fitar da iskar kabon don asid ɗin ya ragu, shi ake kira numfashin Kussmaul. Ki ƙirga numfashin minti ɗaya cur, ki auna suga, ki duba kiton (asid ɗin da jiki ke samarwa in yana ƙona kitse maimakon suga) a fitsari, ki ga ko harshe ya bushe, ko yana amai da ciwon ciki, ko ya fara ruɗewa, sai ki kira likita nan take. pH, wato ma'aunin asid a jini, na lafiya 7.35 zuwa 7.45 ne, in ya sauka ƙasa da 7.35 to asid ya yi yawa.

Amma don Allah ki kula da sinadarin fotasiyam na jini kafin a fara insulin, don insulin na tura shi cikin ƙwayoyin jiki ya ragu a jini, bugun zuciya ya rikice. Ni a aikin dare nan Zariya na ga 'yan uwan wani mai irin wannan numfashi suna cewa ai tsoro ne kawai, bawan Allah kuwa bakinsa har ƙamshin 'ya'yan itace yake, abin ya daɗe yana damuna wallahi.