Amsa Ga Wadda Aka Ce Labari Ta Bayar Ba Nazari Ba

(Saƙon murya ne da Malam ya turo zaure, aka rubuta shi don waɗanda ba su samu damar saurare ba.)

Assalamu alaikum jama'ar zaure. To, ƙanwata da ta yi tambaya jiya da daddare, ki yi haƙuri, sai yanzu na samu zama. Na saurari muryarki sau biyu. Kin ce an ba ku aiki ku yi sharhin halin Okonkwo da jigon littafin Things Fall Apart, kin cika shafi uku cur, malamarku ta dawo miki da takardar ta rubuta da jan biro cewa labari kika ba ta, ba nazari ba. Kina tambaya to ina bambancin yake, tunda duk abin da kika rubuta yana cikin littafin.

Gaskiyar malamarku ce, kuma kada ranki ya ɓaci, kusan kowa ta nan yake farawa. Ita ta karanta littafin nan, ƙila sau goma. Tun 1958 Chinua Achebe ya fitar da shi, babu wanda ke jiran ki zo ki faɗa masa abin da ya faru a ciki. Abin da take nema a takardarki shi ne me ya sa ya faru, da kuma me marubucin yake son mu gani da ya tsara shi haka.

Bari in ba ki dabarar da nake ba ɗalibaina. Duk tauraron da aka ce ki yi sharhinsa, ki tambayi kanki me yake so, me yake tsoro, sannan ki nemo wurin da abin da yake so da abin da yake tsoro suka yi karo, ki ga wanne ya zaɓa. A wannan wurin halinsa yake. Kuma sau da yawa jigon ma yana nan kwance a gefensa.

Mu ɗauki Okonkwon naki. Me yake so? Suna, sarauta, a ce ga namiji a garinsu Umuofia. Yana ɗan shekara 18 ya kayar da Amalinze, ɗan kokawar da ake wa kirari da Kyanwa, wanda ya yi shekara bakwai ba a kai bayansa ƙasa ba. Me yake tsoro? Yawancin ɗalibai sai su rubuta wai Okonkwo jarumi ne marar tsoro. Kai! Ai babu matsoraci irinsa a littafin. Tsoronsa kada a ce ya yi kama da ubansa Unoka, mai busa sarewa, mai tarin bashi, wanda ya mutu bai riƙe ko sarauta ɗaya ba. Marubucin da kansa ya faɗi haka tun a babi na biyu, amma ɗalibai sai su tsallake saboda babu faɗa a wurin.

Yanzu ki buɗe babi na bakwai, ki karanta shi a hankali, ko da sau uku ne. Ikemefuna yaro ne da garin Mbaino suka bayar diyyar matar da suka kashe. Ya yi shekara uku a gidan Okonkwo, ya saba, har yana kiransa baba, ya zama kamar wa ga Nwoye, ɗan Okonkwo. Da abin bautar garin ya yanke a kashe shi, dattijo Ezeudu ya zo takanas ya ja Okonkwo gefe ya ce masa kada ya sa hannu, yaron nan uba yake kiransa. Ki lura fa, babu wanda ya tilasta masa. Gari bai ce sai shi ba. An ma buɗe masa ƙofar fita. Ya bi su daji duk da haka, an ce wa yaro gida za a mayar da shi, yana tafe da tulun bammi a ka. Da lokaci ya yi, Okonkwo ya ja baya, ya kau da kai. Wato zuciyarsa ba ta so. Wani ne ya fara sara, yaro ya ruga wajensa yana kiran baba, shi kuma ya zare adda ya ƙarasa shi, don kada a ce rago ne.

To kin ga in kika rubuta "Okonkwo ya kashe Ikemefuna", labari kika bayar. In kika rubuta cewa an gargaɗe shi, ya ja baya, ya kau da kai, amma da ido ya dawo kansa sai ya zaɓi sunansa a kan yaron da yake ƙauna, kuma wannan ya nuna tsoron abin da mutane za su ce ya fi ƙarfin ƙaunar da ke zuciyarsa, to kin shiga nazari. Abu ɗaya ne ya faru, amma a na biyun kin kawo hujja kin kuma fassara ta.

Kada ki tsaya nan. Ki duba bayan kisan. Kwana biyu bai ci abinci ba, barci ya gagare shi, yana zagin kansa wai ya zama mace. Ki duba daren da Chielo, mai hidimar abin bautar garin, ta goya 'yarsa Ezinma ta nufi kogo da ita. Ekwefi, uwar yarinyar, ta bi su a guje, shi ya zauna wai don kada a ga damuwarsa, daga baya muka ji ashe sawu huɗu ya yi zuwa bakin kogon a daren nan. Wannan shi ne abin da manazarta ke kira tauraro mai gammo, wanda ke da fuska fiye da ɗaya, yana iya ba ki mamaki kuma ki yarda. Kishiyarsa miƙaƙƙen tauraro, wanda yadda kika same shi a farko haka za ki bar shi. Wani marubucin Ingila ne, E. M. Forster, ya yaɗa wannan rabon a 1927. Amma don Allah kada ki rubuta "mai gammo ne" ki sa aya ki wuce. Sunan kaɗai ba ya kawo maki, sawun nan huɗu su ne makin.

Af, na kusa mantawa. Ƙananan taurari ba ado ba ne. Marubuci yakan ajiye wani kusa da babban tauraro don ya zama madubi. Obierika, abokin Okonkwo, namiji ne shi ma, ana girmama shi, amma ya ƙi bin su dajin, kuma a babi na takwas ya faɗa wa abokinsa ido da ido cewa abin da ya yi ƙasa ba za ta ji daɗinsa ba. Amfanin Obierika ke nan: ya hana mu cewa ai al'adar ce ta sa Okonkwo. Ga mutum cikin al'ada ɗaya da ya zaɓi daban.

Yauwa, sai jigo. Nan ne na fi samun ciwon kai wajen duba takardu. Ɗalibi zai rubuta "jigon littafin shi ne mulkin mallaka", shi ke nan. Wannan kalma ce, ƙanwata, kamar a tambaye ki me ke cikin ɗaki ki ce kaya. Mulkin mallaka ya yi me? Ki mayar da ita cikakkiyar magana wadda wani zai iya yi miki musu a kanta. Misali ki ce: baƙin, wato Turawa, sun samu shiga ne ta tsagar da tun da can take jikin bangon. Sai ki kawo hujja. Su wa suka fara bin masu wa'azin coci? Waɗanda gari ya wulakanta, osu, wato waɗanda aka keɓe wa abin bauta, da ake ƙyama, da matar da ta sha haifar tagwaye ana jefar da su a daji, da Nwoye, wanda tun ranar da ubansa ya dawo daga dajin nan wani abu ya karye a ransa. Kin ga yadda sarar da aka yi a babi na bakwai ta je ta ɓullo a kashi na biyu na littafin? Wannan bin sawun shi ake kira warwarar jigo. Wata ɗalibar za ta iya cewa a'a, bindiga da kurkuku ne suka karya Umuofia, ta kawo yadda aka shafe garin Abame da yadda aka kulle shugabanni shida aka aske musu kai. Ita ma za ta ci maki, in dai hujjarta ta tsaya. Ni dai a ganina littafin ya ɗauki duka biyun, shi ya sa har yau ake karanta shi.

Wani ya yi magana a ƙasan tambayarki cewa su Shaihu Umar suke yi, ko dabarar za ta yi aiki a can. Za ta yi, sai dai da gyara, kuma ya yi tambaya mai kyau. Littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, yana cikin waɗanda suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. In ka tambayi me Umar ya zaɓa, za ka sha wuya, don shi yawanci abubuwa ne ke faruwa da shi. An sace shi yana ƙarami, Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi Masar ya rene shi kamar ɗa, ya yi karatu ya zama malami. Wadda ta yi zaɓi ita ce uwarsa. Ita ta tashi da ƙafarta neman ɗanta, ta faɗa bauta, aka ƙetara Sahara da ita, ta gan shi daga ƙarshe, ba ta jima ba ta rasu. To idan babban tauraro bai cika motsi ba, ka duba wa ke motsi a kusa da shi. Sannan ka tambayi wa ke ba da labarin. Shaihu Umar ne da bakinsa, dattijo, yana faɗa wa almajiransa, shi ya sa muryar take a natse, komai ana mayar da shi ga ƙaddara da haƙuri. Amma mutumin kirkin da ya rene shi, shi ma yana cikin masu cinikin bayi. Mai ba da labarin bai ɗaga murya a kan wannan ba, kai mai nazari kai za ka lura ka faɗa. Nan za ka bambanta da wanda ya haddace "jigonsa bauta" kawai.

Ita ma wannan tambayar ta wa ke magana, ƙanwata, ki kai ta shafin ƙarshe na naki littafin. Bayan Okonkwo ya sare kan ɗan saƙon kotu, ya ga jama'arsa ba za su yi yaƙi ba, ya je ya rataye kansa, sai marubucin ya sauya ya shigar da mu cikin kan Baturen mulki, yana tunanin mutumin nan zai iya cin sakin layi ɗaya a littafin da yake rubutawa. Mu da muka yi babi 25 tare da shi! Ki tambayi kanki me ya sa Achebe ya ba Baturen kalmar ƙarshe. Amsar da kika samu ki sa ta a sharhin jigonki.

Game da rubutun kuwa, kowane sakin layi ki fara da maganarki, ki kawo abu ɗaya ko biyu daga littafin, ki faɗi abin da suka nuna. In kika ga "sai" da "daga nan sai" sun jeru sau uku a takardarki, ki tsaya, kin koma tatsuniya. Waɗannan ƙananan littattafan taƙaitawa da kuke yawo da su kuma, ban hana ba, amma ba za ki samu sawun nan huɗu a cikinsu ba.

Batirina ya yi ja. Ki rubuta min sakin layi ɗaya kawai a kan Obierika, layi takwas ya isa, ki ɗauki hotonsa ki turo nan zauren kafin Juma'a, mu gyara tare kowa ya gani. Mai Shaihu Umar kuma ka yi naka a kan uwar Umar. Sai na ji ku.