Inda ake kama sabbin mawaƙan country tun ba su yi suna ba

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa mai shirin zuwa Nashville ta jihar Tennessee a Amurka karatu, ka ce da kaset ɗin Don Williams ka tashi a motar mahaifinku, kana tambayar ina ake ganin sabbin jini a kiɗan country, to ni ma a Tennessee ɗin nake, ga abin da na gani.

Kana sauka kowa zai ce maka tafi Broadway, titin gidajen kiɗa na tsakiyar gari. Ka je sau ɗaya ka kashe ƙwarƙwatar ido, amma ba can abin yake ba. Gidaje irin su Tootsie's makaɗansu sun iya hannu kam, sai dai yawanci waƙoƙin da suka riga suka yi tashe suke ta maimaitawa don baƙi, ga hayaniya ga 'yan maye, baiti ɗaya ba za ka tsinta ba.

Daren marubuta waƙa za ka nema. A garin nan sau da yawa mai rubutawa daban mai rerawa daban, akwai waɗanda sana'arsu kenan, su yini a ofisoshin Music Row, unguwar kamfanonin waƙa, suna haɗa baitoci, da dare su fito ƙananan gidaje su gwada a kunnen jama'a. Mutum uku ko huɗu ne, kowa da jitarsa, babu ganga babu komai, wannan ya ba da labarin yadda waƙar ta zo masa ya rera, na gefensa ya karɓa, haka za su yi ta zagayawa.

Uwar ɗakin wannan harka ita ce Bluebird Cafe a unguwar Green Hills. Amy Kurland ta buɗe shi a 1982, kujerun duka kamar 90 ne, kuma yana cikin jerin shaguna ne kawai, wallahi in ba a nuna maka ba sai ka wuce. Nan wani jami'in kamfanin waƙa na Capitol ya ji Garth Brooks a 1988, nan Scott Borchetta, shi ma jami'in kamfanin waƙa, ya ga Taylor Swift a 2004 tana 'yar shekara 14. Mawaƙan a tsakiyar ɗaki suke zama, ku kuna kewaye da su, kusancin har wani ya ajiye kofin ruwansa a kan teburinka kana jin ƙarar yatsunsa a kan wayar jitarsa. Kuma ba a surutu, ka buɗe baki yanzu za a ce maka shhh, mu da muka saba hira ko'ina sai an daure. Matsalar tikiti, a intanet ake saka shi kuma nan da nan yake ƙarewa. Ran Litinin ake barin sababbi fil su hau. In ba ka samu ba akwai Listening Room, ya fi faɗi, sannan wajen ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu ana bikin marubuta waƙa na Tin Pan South, gidaje da yawa lokaci ɗaya.

Gaskiya kar ka za ci kowa gwani ne. Da yawansu zancen ɗaya ne, motar a-kori-kura, hanyar ƙauye, budurwa ta tafi, har ka fara hamma. Ni ba tafin jama'a nake bi ba, turawan nan kowa tafa masa suke. Sauran marubutan nake kallo, in ka ga sun daina taɓa jitarsu sun sunkuyar da kai, to rubuta sunan yaron nan a wayarka. In an tashi ka je ku gaisa, ba su da girman kai ko kaɗan, wani ma da safe shi zai miƙo maka kofi a wani shagon.

Batun giya tunda na san za a tambaya, ana sayarwa, amma ba mai tilasta ka, lemo da soyayyen dankali sun isa cike kuɗin da ake so kowa ya kashe. Ka tambayi abin da ke cikin abinci saboda alade. Ka riƙe fasfo ɗinka don wasu gidajen sai ka kai shekara 21, da 'yan daloli a hannu na jefawa a tulun mawaƙa.