Amsa: Motsa jiki da ciwon ɓarin kai

'Yar'uwa, kin ce shekarunki 23, ciwon ɓarin kai yana kama ki kusan sau huɗu a wata, kuma kina tsoron motsa jiki domin wani lokaci shi ke tayar miki da ciwon. Sannu, Allah ya ba ki lafiya.

Tsoronki yana da hujja, amma galibi laifin yadda ake farawa ne: a faɗa gudu da ƙarfi farat ɗaya, ciki ba komai, ba a sha ruwa ba. Ki fara da tafiya a hankali na minti 10 jiki ya yi ɗumi, sannan ki ƙara sauri daidai yadda za ki iya magana ba tare da haki ya hana ki ba. Wani bincike da aka yi a Suwidin a 2011 ya nuna cewa motsa jiki na minti 40 sau uku a mako, tsawon wata uku, ya rage yawan tashin ciwon kusan daidai da maganin topiramate, wanda ake sha don hana ciwon tashi. Sai dai abin na buƙatar haƙuri, ba a mako guda ake ganin sauyi ba. Ranar da ciwon ya taso kuwa, ki kwanta a ɗaki mai duhu, motsi ƙara shi yake yi.

Likitan fisiyo, wato mai kula da tsoka da gaɓoɓi ta hanyar atisaye, yana da amfani sosai idan wuyanki na ƙagewa, musamman ga mai yini a sunkuye kan waya. Zai koya miki atisayen ƙarfafa tsokokin wuya da kafaɗa.

Amma idan ciwon kai mai tsanani ya faɗo miki kwatsam kina cikin atisaye, ko hannu ya rasa ƙarfi, ko magana ta sarƙe, asibiti nan take.